Yadda 'Ya'yan Dabbobin Teku Ke Rikiɗa

Zancen yau a kan Bahar Maliya ne, watau tekun nan da ke tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa, wanda alhazan da, masu bi ta ƙasa, suke hayewa daga Sawakin zuwa Jidda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa ya san ruwansa garau yake, har mutum yakan hangi duwatsun da ke ƙarƙashi. Amma in aka kamfaci ruwan nan aka tace shi da ƙyalle mai laushi, aka duba abin da ya rage da madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, sai a ga ashe cike yake da masu rai. Waɗansu sun kai ƙwayar gero, waɗansu ko kusa ba su kai ba, kowanne yana ta iyo. Da yawa daga cikinsu 'ya'ya ne, na ƙaguwa, da kawa, da jatan lande, da dodon koɗi, da murjani, watau dabbobin da ba su da ƙashin baya. Abin mamaki kuwa, babu ɗayansu da ya yi kama da uwarsa ko ubansa.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, a teku abin ya sha bamban. Uwar kawa tana manne a jikin dutse har iyakar ranta, ɗanta kuwa yana yawo a saman ruwa, igiya tana kai shi inda ta ga dama. Sai wata rana ya sauka ƙasa, ya zubar da kayan iyonsa, ya sāke kama, ya zama irin iyayensa. Wannan shi ne rikiɗa, kuma ba baƙon abu ba ne ga mutumin ƙasar Hausa. Kowane yaro ya ga talibamban a kududdufi da damina, ya ga wutsiyarsa ta shanye, ƙafafu sun fito, ya zama kwaɗo. An san tsutsa takan zama malam-buɗe-littafi, an kuma san abubuwan nan masu wutsil-wutsil a randa su ne ke zama sauro. Domin sauƙin magana, ɗan dabbar teku da bai rikiɗa ba za a riƙa ce masa jinjiri. Tambayar ita ce: me ke gaya wa jikin jinjiri cewa lokaci ya yi? Tambaya ce mai nauyi, domin rikiɗa ba ta da kome. Jinjirin da ya sauka tun bai ƙosa ba, ko ya manne a mugun wuri, ya hallaka ke nan.

Masar tana da hannu a binciken wannan al'amari tun da daɗewa. A farkon shekarun 1930 Jami'ar Masar, wadda yau ake kira Jami'ar Alƙahira, ta gina tashar binciken halittun teku a Gardaƙa, a gaɓar Bahar Maliya, tafiyar kimanin mil 300 daga Alƙahira. A lokacin Gardaƙa ɗan ƙaramin wuri ne na masunta da masu haƙar man fetur. Wanda ya fara shugabantar tashar shi ne Cyril Crossland, mutumin Ingila, wanda ya daɗe yana kiwon kawar lu'ulu'u a Dongonab ta ƙasar Sudan har zuwa 1922. Mai kiwon kawa kuwa dole ya san sha'anin jirajirai, domin ba shi da iri sai wanda ya sauko daga ruwa ya manne a kan abin da ya shimfiɗa masa. A 1936 da 1937 wani masani daga Denmak, Theodor Mortensen, ya zo tashar, ya tara ƙwan dabbobi iri iri a tulunan gilashi, yana renon jirajiran yana zana siffarsu mataki mataki. Bayan Crossland, Dakta Hamid Gohar, ɗalibin jami'ar, ya karɓi ragamar tashar. A 1940 ya wallafa bincikensa a kan murjani mai laushi na Bahar Maliya, daga baya kuma ya shekara 18 yana koya wa Masarawa sha'anin teku ta talabijin, a shirinsa mai suna Alamul Bihar. Ya rasu a 1992. Waɗannan mutane sun nuna yadda rikiɗa ke gudana a idon mai kallo. Sanin abin da ke tayar da ita daga ciki kuwa ya biyo ta wata hanya dabam, ta kan kwaɗo da ƙwari.

A 1905 wani likitan Ingila, Ernest Starling, ya raɗa wa wani irin sinadari na jiki suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar tayarwa ko zuga. Homon kamar wasiƙa ce. Wani sashe na jiki ne ke rubuta ta, jini ya ɗauke ta ya zaga da ita ko'ina, amma ba mai aiki da ita sai gaɓar da ke da abin karanta ta. Daɗin daɗawa, wasiƙa ɗaya takan ba kowace gaɓa umarni dabam. A 1912, a birnin Firag, Friedrich Gudernatsch ya ciyar da talibamban da naman wani ƙullutu da ke wuyan doki, gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tairod. Cikin 'yan kwanaki sai suka rikiɗa tun ba su girma ba, suka zama kwaɗi ƙanana kamar ƙuda. A 1916 aka gwada akasin haka a Amurka, aka cire wa talibamban wannan ƙullutu, sai ya yi ta girma a talibamban, bai taɓa zama kwaɗo ba. Homon ɗin da ƙullutun ke yi sunansa tairoksin, kuma ba ya haɗuwa sai da aidin. Shi ne ƙullutun da ke kumbura ya zama maƙoƙo ga mutumin da abincinsa ya rasa aidin, dalili ke nan ake zuba aidin a gishiri. A jikin talibamban, wasiƙar nan guda ita ce ke ce wa wutsiya ta narke, ta ce wa ƙafafu su tsiro.

A wajen ƙwari kuwa wasiƙu biyu ne. Ɗaya tana cewa a yi saɓa, watau a tuɓe tsohuwar fata kamar yadda maciji ke yi. Sunanta ekdison, kuma a 1954 ne Butenandt da Karlson na Jamus suka fitar da ita tsantsa. Sai da suka matse kilo 500 na tsutsar siliki kafin su sami miligiram 25, kusan nauyin ƙwayar dawa guda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ƙarfin homon. Ta biyu ita ce homon na ƙuruciya, wadda Wigglesworth na Ingila ya gano alamarta a 1934. Muddin tana nan da yawa, ko an yi saɓa tsutsa za ta fito a tsutsa. Sai ta ja baya ne saɓar da ke biye za ta fitar da babba.

To, yanzu a koma teku, a fara da bushiyar teku, wata dabba zagayayya mai ƙayoyi da ke bin duwatsu, wadda mutanen Iskandariya ke ci suna ce mata ritsa. Jinjirinta bai wuce kan allura ba, yana da hannaye har takwas a miƙe, kowanne da ƙashi siriri na alli a ciki, da gashi ƙanana a gefe da yake kaɗawa don iyo da jawo abinci. Da Johannes Müller na Jamus ya fara bayyana irin wannan jinjiri a 1846, ya zaci wata sabuwar dabba ce mai zaman kanta. Jinjirin yakan yi makonni yana cin ƙananan tsire-tsire masu yawo a ruwa. Ana nan sai wani ɗan dunƙule ya fara girma a gefensa na hagu, da ƙayoyi da ƙafafu a naɗe a ciki. Dunƙulen nan shi ne bushiyar gobe, jinjirin kuwa tamkar jirgin da ke ɗauke da ita ne. Ranar sauka, cikin abin da bai fi sa'a guda ba, hannaye sukan shanye, dunƙulen ya juyo waje, ƙaramar bushiya ta kama tafiya a kan dutse.

Bushiyar teku ba ta da wuya, balle ƙullutun tairod. Duk da haka, a 1994 masana a Japan suka zuba tairoksin kaɗan a ruwan jirajiranta, sai dunƙulen ya yi saurin girma, hannaye suka gajarta, daidai da abin da ya sami talibamban na Gudernatsch. Da suka bincika inda jinjiri ke samun irin wannan sinadari a teku, sai suka tarar da shi a cikin tsire-tsiren da yake ci. Ruwan teku yana da aidin, tsire-tsiren suna tara shi, jinjiri ya ci su. A 2004 Andreas Heyland da Jason Hodin a Amurka suka ƙara gwadawa da wata 'yar'uwar bushiyar, mai faɗi kamar faifai. Suka ga jirajiran da aka ba tairoksin sun riga sauran rikiɗa, amma sun sauka ƙanana, watau sauri ya so ya haifi nawa. Har akwai wani iri mai manyan ƙwai da ya rikiɗa ba tare da ya ci kome ba, da aka ba shi homon ɗin kawai. Daga baya an sami alamar cewa waɗansu jirajiran suna iya haɗa kaɗan da kansu.

A nan akwai abin lura. Abincin jinjiri yana ciyar da shi, yana kuma kawo masa labari. In tsire-tsire sun yawaita, homon ya taru da wuri, sai jiki ya bar tsawaita hannaye ya koma gina dunƙule. In abinci ya yi ƙaranci, homon ya yi ƙaranci, sai hannaye su ƙara tsawo don a ƙara kamo abinci, rikiɗa kuma ta jira. Ga mutum da kwaɗo, ƙullutun da ke rubuta wasiƙar yana cikin wuya. Ga bushiyar teku, wani kashi na aikin nan teku ne ke yi mata.

Amma ƙosawa dabam, sauka dabam. Jinjirin da ya ƙosa yakan yi kwanaki yana taɓa ƙasa yana tashi, yana ɗanɗana wuri, har ya ji alamar da ta dace da irinsa. A 2004 aka gano a Ostareliya cewa wata bushiyar teku ta can takan sauka in ta ji histamin da ke fita daga wata jar ciyawar ruwa, wadda ita ce abincinta bayan rikiɗa. Histamin kuwa shi ne sinadarin da ke sa jikin mutum ƙaiƙayi in sauro ya cije shi. Ashe ke nan sharaɗi biyu ne: na ciki, wanda ke cewa jiki ya shirya, da na waje, wanda ke cewa wurin nan ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai ƙaguwa da jatan lande. Su dangin ƙwari ne na nesa, suna sanye da sulke wanda ba ya girma, saboda haka dole su yi saɓa. Akwai wata shuɗiyar ƙaguwa mai iyo da ake sayarwa a kasuwannin kifi na Alƙahira da Iskandariya, Masarawa suna ce wa ƙaguwa kaburiya. Asalinta daga wajen Bahar Maliya ne. Da aka buɗe Mashigin Suwes a 1869 ta bi ta cikinsa, kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta kai Fot Sa'id, ta shiga Bahar Rum. Jinjirinta yana fitowa daga ƙwai da manyan idanu da doguwar ƙaya a baya. Yakan yi saɓa sau da dama a wannan siffa, sa'an nan ya koma wata siffa mai ƙafafun kamu da wutsiya a miƙe, kana ya naɗe wutsiyar a ƙarƙashin ciki ya zama ƙaguwa.

Kowace saɓa ekdison ne ke kiranta, irin na ƙwari. Ƙullutai biyu ne a gaban jiki suke yin sa, waɗanda Manfred Gabe na Faransa ya bayyana a 1953. Linzamin ƙullutan kuwa yana wurin da ba a zato, a cikin sandar idon ƙaguwa. Nan ake yin wata wasiƙa mai cewa a dakata. Tun 1905 Charles Zeleny ya lura cewa ƙaguwar da ta rasa sandunan idonta takan yi saɓa a kai a kai, domin an cire linzami. Akwai kuma takwaran homon na ƙuruciya, mai suna metil farnesowet, wanda Hans Laufer da abokan aikinsa suka gano a jinin ƙaguwa a 1987. In aka yawaita shi ga jirajiran jatan lande, rikiɗa takan jinkirta, wani lokaci ma a sami waɗanda suka tsaya a tsakani, ba jinjiri ba, ba babba ba. Har wa yau, ƙaguwa ba ta iya haɗa irin kitsen da ake yin ekdison da shi, sai ta same shi a abinci. Masu ƙyanƙyasar jatan lande a tankuna sun san wannan sarai, domin abinci maras kyau yakan bar jirajirai su maƙale a cikin tsohuwar fata su mutu.

Akwai wani ɗan'uwan ƙaguwa da ke damun matuƙan jiragen ruwa. Wata 'yar dabba ce mai farin ɓawo kamar malfa, wadda ke manne wa gindin jirgi da turakun tasha, ana iya ce mata maƙale-jirgi. Tana da yawa a Mashigin Suwes da tasoshin Masar. In ta rufe gindin jirgi, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru, sai an kashe kuɗi an kankare. Da can ana ƙirga ta cikin dangin kawa, sai a 1830 John Vaughan Thompson, wani likitan soja a ƙasar Ailan, ya ga jinjirinta da idonsa yana iyo kamar na ƙaguwa, ya kuma ga ya manne ya rikiɗa. Jinjirin yana bin matakai shida yana ci, a na bakwai kuwa ba ya cin kome, guzurin kitse ne a jikinsa, aikinsa ɗaya shi ne neman gida. Yana tafiya a kan ƙahonninsa biyu yana ɗanɗana wuri. A 1953 Knight-Jones ya nuna a Biritaniya cewa ya fi son inda ya ji ƙanshin 'yan'uwansa, kuma da dalili, domin dabbar da ba ta motsi ba ta samun abokin haihuwa sai maƙwabci. In ya gamsu sai ya zuba danƙo ya liƙa kansa, ya yi saɓa, ya gina ɓawo, ya ƙare rayuwarsa a kife yana shuro abinci zuwa baki da ƙafafunsa. In guzuri ya kusa ƙarewa bai sami wuri ba, sai ya rage zaɓe ya manne a inda ya samu. A 1997 masana a Japan suka nuna cewa metil farnesowet yana iya tayar da rikiɗarsa a cikin gilashi, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa sakamakon ya dogara ga yawan da aka ba shi da lokacin da aka ba shi.

Murjani kuwa, wanda shi ne dukiyar Bahar Maliya, ba shi da jini, ba shi da ƙullutu ko ɗaya. Dabba ce ƙarama mai kama da fure, dubbai suna zaune tare suna gina dutsen alli. Jinjirinsa kamar guntun ƙwayar shinkafa yake, ba baki, ba hannu. Irin mai laushi da Gohar ya bincika, uwar ce ke renon jirajirai a jikinta har su ƙosa, kana ta sake su. Yawancin masu gina dutse kuwa sukan zuba ƙwai a ruwa a dare ɗaya ko 'yan darare a shekara. Jinjirin murjani yana neman dutsen da wata jar gansakuka mai tauri ta lulluɓe, tare da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kanta. A goshinsa akwai jijiyoyi masu ɗanɗano. In sun ji alamar, sai su saki wani ɗan gajeren sinadari ya bazu cikin jiki, shi ne ke ba da umarnin rikiɗa. Thomas Leitz da abokansa a Jamus ne suka fara gano irin wannan sinadari a 1994, a dangin murjani. A 2002 aka gwada irinsa a Japan ga murjanin nan mai rassa da ake kira Acropora, wanda akwai shi da yawa a Bahar Maliya, sai jirajirai suka rikiɗa ba tare da sun ji wani dutse ba. Sai dai da yawansu sun rikiɗa suna yawo a ruwa, ba su manne ba, murjanin da bai manne ba kuwa ba ya gina kome. Wasiƙar ciki ta isa, amma babu gida.

Daga cikin dangin murjani akwai wata dabba mai laushi kamar lema, mai harbi, wadda Masarawa ke kira ƙandilul bahar, watau fitilar teku. Jinjirinta yakan manne ya zama kamar ɗan tsiro, sa'an nan in lokaci ya yi tsiron ya rarrabu faifai faifai, kowane faifai ya ɓalle ya zama lema. A 1967 Dorothy Spangenberg a Amurka ta nuna cewa aidin yana tayar da wannan rarrabuwa. A 2014 kuma aka gano cewa wani ɗan'uwan bitamin A yana cikin masu ba da umarnin, tare da wani sinadari da jikin ke tarawa in ruwa ya yi sanyi. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne da wani iri da ake samu a tekuna da yawa, amma sanin yana da amfani ga Masar, domin wata babbar fitilar teku ta bi ta Mashigin Suwes ta bayyana a Bahar Rum a shekarun 1970, tana taruwa da zafi ta cika koma ta masunta, ta kori masu wanka daga bakin ruwa.

Tun da rikiɗa ta dogara ga wasiƙu ƙanana haka, jabun wasiƙa yana iya yin mummunar ɓarna, kuma an gani. Daga shekarun 1960 aka riƙa shafa wa gindin jirage wani fenti mai gubar kuza da ake kira TBT, don hana maƙale-jirgi. Ya yi aiki ƙwarai, amma gubar ta riƙa zuba a ruwa. A 1970 aka lura a Ingila cewa matan wani dodon koɗi na teku suna tsiro da gaban namiji, daga baya aka tabbatar TBT ne sanadi, kuma da yawansu sun daina haihuwa. A Arkashon ta Faransa, daga wajen 1977 zuwa 1981, jirajiran kawa suka daina sauka, sana'ar masu kiwon kawa ta kusa rushewa. Faransa ta hana ƙananan jirage amfani da fentin a 1982, yarjejeniyar duniya da ta haramta shi kuma ta fara aiki a 2008. Bincike ya nuna cewa gubar tana shiga wurin da jiki ke karanta waɗansu homon, ta ba da umarnin ƙarya. Haka kuma akwai maganin sauro da aka ƙera ya kwaikwayi homon na ƙuruciya, don 'ya'yan sauro su kasa rikiɗa. Yana da amfani a wurinsa, amma gwaji ya nuna yana iya taɓa jirajiran ƙaguwa, saboda haka ana kiyaye kada ya kwarara teku.

Wani abu da ya auku ya nuna yadda dabbobin nan suka rataya da juna. A farkon 2023 wata cuta ta faɗa wa baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda masana ke kira Diadema, a Mashigin Aƙaba da gaɓar Sina'i, ta kashe su da yawan gaske cikin ɗan lokaci. Bushiyar nan ita ce mai noman duwatsu, tana kiwon ciyawa mai laushi, ta bar jar gansakukar da jinjirin murjani ke nema. A 1983 irin wannan annoba ta auku a tekun Karibiyan, ciyawa ta rufe duwatsu a wurare da yawa, 'ya'yan murjani suka rasa masauki, shekaru aru-aru na gini ya tsaya. Murjanin Masar kuwa shi ne gidan kifin da masunta ke kamawa, shi ne kuma ke jawo baƙi zuwa Gardaƙa, wadda yanzu ta zama babban birni, da Sharmus Shaikh, da Ras Muhammad da aka keɓe tun 1983.

Masu son mayar da bushiya ko murjani inda suka ɓace ba su da hanya sai ta jinjiri. Dole su rene shi a tanki kamar yadda Mortensen ya yi a tulunansa, su ba shi abincin da ke ɗauke da wasiƙar ciki, sa'an nan su shimfiɗa masa dutsen da ke da alamar da yake nema. In ɗaya ya ɓace, wahala ta tashi a banza. Mafi sauƙi daga wannan duka shi ne a bar ruwan da tsabtarsa, a kiyaye abin da ake zubawa a tasoshi da bakin teku, domin abin da bai kai ƙwayar dawa ba, in ya narke a ruwa mai yawa, yana iya hana zuriya guda sauka.